Nas Ɗaya, Marasa Lafiya Nawa? Tarihin Yadda Alƙaluma Suka Gyara Dokar Aikin Jinya

 A shirinmu na yau asibiti za mu shiga, amma ta ƙofar tarihi.

Duk wanda ya taɓa jinyar wani nasa ya san cewa likita zuwa yake yi ya duba ya wuce, nas ce ke kwana da mara lafiya. Ita ke ba da magani a kan lokaci, ita ke lura idan numfashi ya sauya da tsakar dare. To wa ya tabbatar cewa wannan baiwar Allah ta cancanci riƙe allura? Kuma marasa lafiya nawa ya dace a damƙa mata a dare guda? Tambayoyin nan biyu sun ci wa duniya sama da shekara 150, kuma kusan duk inda aka samu ci gaba a kansu, idan ka bi sawu za ka tarar wani ne ya zauna ya ƙirga waɗanda suka mutu, ya nemi sanin dalili.

Bari mu fara da shekarar 1854, lokacin Yaƙin Kirimiya, inda Birtaniya da Faransa da Daular Usmaniyya suka haɗu suna yaƙar Rasha. A watan Nuwamban shekarar, Florence Nightingale ta isa asibitin sojojin Birtaniya da ke Scutari, wata unguwa a birnin Istanbul, tare da mata 38 masu aikin jinya. Asibitin tsohon barikin soja ne, magudanun ƙazantarsa sun toshe, iska ba ta shiga, ga cunkoso. Sojan da ya tsira daga harsashi sai ya zo nan zawayi da kwalara da zazzaɓin taifot su ƙarasa shi. A watan Fabrairun 1855, kimanin kashi 42 cikin 100 na waɗanda ake kwantarwa mutuwa suke yi. A watan Maris gwamnati ta turo kwamitin tsafta, suka yashe magudanai, suka kwashe mushen dabbobi, suka buɗe hanyoyin iska. Kafin watan Yuni adadin ya faɗo zuwa kusan kashi 2.

Da yaƙi ya ƙare Nightingale ta koma gida, sai ta haɗa kai da William Farr, wani masanin ƙididdiga, suka bi bayanan mace-macen sojoji wata bayan wata. Lissafi ya nuna kusan sojojin Birtaniya 16,000 cuta ce ta kashe su, wato sun ninka waɗanda makami ya kashe sau da yawa. Ta san manya ba su da lokacin karanta jadawalin lambobi, don haka a 1858 ta fito da wani zane mai siffar fure: shuɗi na waɗanda cutar da za a iya kauce mata ta kashe, ja na waɗanda rauni ya kashe. Shuɗin nan ya cinye takardar. Gani ya kori ji. Aka gyara barikoki da asibitocin soja, kuma a 1860 ta buɗe makarantar koyon aikin jinya a asibitin St Thomas da ke Landan.

To a nan ne labarin ya ɗauki wani salo. A wancan zamani kowace mace na iya ɗaura farin ƙyalle ta ce ita nas ce, babu wanda zai tambaye ta takarda. Likitocin Birtaniya sun samu dokar rajista tun 1858, masu jinya kuwa shiru. A 1887 wata tsohuwar shugabar ma'aikatan jinya mai suna Ethel Bedford Fenwick ta kafa ƙungiya tana neman gwamnati ta buɗe kundin rajista, a sa tsawon lokacin horo, a yi jarrabawa. Kun san wa ta fi tsayawa tsayin daka wajen adawa da ita? Nightingale da kanta. A ganinta jinya hali ne da tarbiyya, jarrabawa ba za ta auna su ba, kuma takarda tana nuna abin da mutum ya sani ne a ranar da aka ba shi kawai. Ku riƙe wannan hujja tata, za mu dawo kanta.

Wasu ƙasashen ba su jira Landan ba. A nan nahiyarmu ta Afirka, yankin Cape da ke Afirka ta Kudu ya fara yi wa masu jinya rajista a 1891, bisa ƙoƙarin Henrietta Stockdale ta garin Kimberley. Ƙasar Niyu Zilan ta yi doka ta musamman a 1901, kuma a ranar 10 ga Janairun 1902 aka rubuta sunan Ellen Dougherty a farkon kundin. Jihar North Carolina ta Amurka ta biyo baya a 1903. Birtaniya sai a Disambar 1919 ta yi tata dokar, shekara 32 bayan fara fafutukar, kuma Fenwick ce aka ba lamba 1. Daga nan hukuma ta samu iko biyu: ta shigar da suna, ta kuma soke sunan wanda ya ci amanar aiki. Mu ma a Najeriya wannan tsari muka gada, domin Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, ita ke shirya jarrabawa da bayar da lasisi har gobe.

An amsa tambayar farko ke nan. Ta biyu fa? Ƙwararriyar nas mai lasisi, idan ka haɗa ta da gadaje goma sha biyu, me zai faru? Ma'aikatan jinya sun daɗe suna kukan cewa aiki ya yi musu yawa, masu asibitoci kuma suna ɗaukar kukan a matsayin neman sauƙi. Sai a 2002 wata farfesa a Jami'ar Pennsylvania, Linda Aiken, da abokan aikinta suka wallafa bincike a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka. Sun duba asibitoci 168, da marasa lafiya sama da 230,000 da aka yi wa tiyata, da ma'aikatan jinya sama da 10,000. Abin da suka gano shi ne: duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa aiki cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Idan aka tashi daga mutum huɗu zuwa takwas, ƙarin yana kaiwa kusan kashi 31.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Mara lafiya ba ya faɗuwa farat ɗaya. Jini kan fara sauka, zazzaɓi ya ɗan hau, fitsari ya ragu. Nas mai mutum huɗu za ta ga alamun da wuri ta kira likita. Mai mutum goma tana can ƙarshen ɗaki tana sa wa wani ruwa, kafin ta zagayo aikin gama ya gama. A 2014 aka maimaita irin binciken a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, aka sake samun wannan kashi 7 ɗin, aka kuma ga cewa inda masu digiri suka fi yawa a cikin ma'aikatan jinya, mace-mace sun fi ƙaranci.

Jihar Kalifoniya ta Amurka ita ta fara mayar da batun doka. An sa hannu a 1999, ta fara aiki a Janairun 2004: a ɗakin kulawa ta musamman nas ɗaya ga mutum biyu, a ɗakunan kwanciya na yau da kullum nas ɗaya ga mutum shida, daga baya a koma biyar. Masu asibitoci suka ce kuɗin ya yi yawa. Gwamna Arnold Schwarzenegger ya yi yunƙurin dakatar da komawa biyar ɗin, ƙungiyar ma'aikatan jinya ta kai ƙara, kotu ta rushe matakinsa a 2005.

Jihar Queensland ta Ostireliya kuwa ta yi wata dabara. Da za ta fara tata dokar a watan Yulin 2016, wato nas ɗaya ga mutum huɗu da safe da yamma, ɗaya ga bakwai da dare, sai ta gayyato masu bincike su auna kafin a fara da kuma bayan an fara. Aka kwatanta asibitoci 27 da dokar ta shafa da wasu 28 da ba ta shafa ba. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2021 ya nuna mace-mace sun ragu, masu komawa asibiti bayan sallama sun ragu, kuma kuɗin da aka tsimi ya ninka na ɗaukar ƙarin ma'aikatan fiye da sau biyu. Kun ga an amsa wa masu kukan kuɗi da harshen da suke ji.

Sai dai fa kada mu ɗauka cewa da zarar alƙaluma sun fito shi ke nan an tsira. Asibitin garin Stafford a Ingila ya koya wa duniya wannan darasi mai ɗaci. Tsakanin 2005 da 2009 shugabannin asibitin suka rage ma'aikata domin daidaita kasafin kuɗi. Aka riƙa barin tsofaffi cikin ƙazantarsu, abinci da ruwa na ajiye inda hannunsu ba ya kaiwa, suna danna ƙararrawa babu mai zuwa. Tun 2007 alƙaluman mace-mace suka nuna asibitin ya zarce yadda ake tsammani. Maimakon a shiga ɗakunan marasa lafiya a duba, sai hukumar asibitin ta ce matsalar daga yadda ake shigar da bayanai ne. Wata mata mai suna Julie Bailey, wadda mahaifiyarta ta rasu a can a 2007, ita ta tara iyalan mamata suka hana maganar mutuwa. A Fabrairun 2013 lauya Robert Francis ya miƙa rahoton bincikensa mai ɗauke da shawarwari 290.

Kun tuna hujjar Nightingale, cewa takarda tana shaidar ranar da aka bayar da ita ne kawai? Bayan Stafford, Birtaniya ta dawo kan wannan magana. Daga Afrilun 2016, duk nas ko ungozoma sai ta sabunta cancantarta bayan kowace shekara uku: ta nuna ta yi aiki na aƙalla awa 450, ta yi awa 35 na ƙarin ilimi, ta kawo ra'ayoyi biyar na marasa lafiya ko abokan aiki game da aikinta, wani kuma ya tabbatar da hakan. Ashe Fenwick da Nightingale kowacce ta riƙe gefe ɗaya na gaskiya: ana buƙatar kundin rajista, ana kuma buƙatar a riƙa komawa ana duba wanda sunansa ke ciki.

Saboda haka, jama'a, idan Allah Ya kai ku jinya kuka ga nas ta makara zuwa gadon ɗan'uwanku, kafin rai ya ɓaci ku ɗaga kai ku ƙirga gadajen ɗakin, ku ƙirga masu farin kaya. Wannan lissafin shi ne ya kamata a kai gaban shugaban asibiti da kwamishinan lafiya da 'yan majalisa, a tambaye su nawa doka ta ce, kuma wa ke ƙirgawa. Ku kuma ma'aikatan jinya da ke sauraronmu, wannan rahoton da kuke rubutawa a ƙarshen kowane aiki, da shi ake gina irin binciken da muka ambata, don haka a rubuta shi da gaskiya ko da ba zai yi wa na sama daɗi ba.

A nan za mu dasa aya. Ku rubuto mana a ƙasa: a asibitin garinku, mutum nawa nas ɗaya ke kwana da su? Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.