Jimi Hendrix, Bahagon da Ya Sa Jita Yin Magana

Ranar 18 ga Satumba 1970 Jimi Hendrix ya rasu a Landan yana da shekara 27, bayan ya sha ƙwayoyin barci, amai ya shaƙe shi. Tun daga lokacin, duk sanda aka ambace shi, abu biyu ake fara kawowa: jitar da ya cinna wa wuta a bikin Monterey a 1967, da kuma ajalinsa na ƙuruciya. Wannan tunawa ta tauye masa haƙƙi, domin ta ɓoye wahalar da ta gina shi da ƙwarewar da ya bari.

An haife shi a Seattle a 1942. Bayan ya bar aikin soja a 1962, sai ya shiga yawon kiɗa a ƙananan gidajen rawa na baƙaƙen fata a kudancin Amurka, yana yi wa Little Richard da Isley Brothers kiɗa a baya, ba mai kula da sunansa. A nan ya sha kiɗan blues har ya ƙoshi. Sai da Chas Chandler, wanda ya zama manajansa, ya kai shi Ingila a 1966 kafin duniya ta waiwaye shi, abin da ke nuna yadda Amurka ta wancan zamani ta kasa ganin ɗanta baƙi. Bahago ne, ya ɗauki jitar Fender Stratocaster ta na-dama ya juya ta, ya sake jera tsirkiyoyinta. Kukan da lasifika ke yi idan jita ta matso kusa, wanda makaɗa ke gudu kamar annoba, shi ya lallashe shi ya mai da shi sauti mai ma'ana. Faifai uku kacal ya fitar tare da ƙungiyarsa ta Experience, na ƙarshe Electric Ladyland a 1968, amma sun sauya yadda ake riƙe jitar lantarki.

Masu suka na cewa hayaniya ce da burga, kiɗa da haƙora da jita a bayan ƙeya. Gaskiya ne ya yi waɗannan, kuma ya gaje su ne daga makaɗan blues irin su T-Bone Walker. Amma a saurari taken ƙasar Amurka da ya kaɗa a Woodstock a Agusta 1969, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Cikin taken ya saka rugugin bama-bamai da kururuwa, bai furta kalma ko ɗaya ba. Mai burga kawai ba ya iya wannan, sai wanda ya mallaki kowace tsirkiya.

Wasu kuma na cewa mutuwa ce ta ɗaukaka shi. Da haka ne, da tasirinsa ya tsaya a hotunan bango. Sai ga shi Bombino, makaɗin jita na Agadas, ya koyi salo yana kallon bidiyon Hendrix, shekaru da dama bayan an binne mai salon a jihar Washington.