Hisabin Malaman Zaure: Waiwaye Kan Rabon Gado da Hatimi

Kalmar da masana kwamfuta suke kiran jerin matakan warware matsala da ita, asalinta sunan Muhammad bin Musa Alhawarizmi ne, wanda ya wallafa littafin Aljabaru a Bagadaza wajajen shekarar 820. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kaso mai yawa na littafin nan a kan wasiyya da rabon gado yake.

Irin wannan tunani ya daɗe a zaurukan malaman ƙasar Hausa. Ɗalibin da ya kai babin gado a Risala ba ya raba dukiya da ka. Sai ya fitar da kuɗin likkafani da bashi da wasiyya, ya tantance magada, ya ware waɗanda aka katange, sannan ya nemi asalin mas'ala. Alal misali, mace ta rasu ta bar miji da shaƙiƙai mata biyu. Asali 6 ne, miji yana da 3, su kuma 4. Jimla ta zama 7, ta zarce asali, sai a yi auli, a kasa dukiyar kashi 7, kowa ya ɗanɗani ragin. Tsallake mataki ɗaya cin haƙƙin wani ne.

Haka ma hatimi. Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta ƙa'idojin cika gidajensa bi da bi, har kowane layi ya ba da jimla ɗaya, kamar 15 a mai gida tara. A ganina, kallon tsibbu da muka yi wa hatimi ne ya hana mu nazarin lissafinsa.