Simon Nkoli da Sashe na 9 na Tsarin Mulkin Afirka ta Kudu

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1996 Afirka ta Kudu ta zama ƙasa ta farko a duniya da tsarin mulkinta ya fito fili ya haramta nuna wa mutum bambanci saboda jinsin da yake so. Wannan maƙala za ta duba rawar da mutum ɗaya, Simon Nkoli, ya taka wajen tabbatar da haka.

2.0 Daga Soweto Zuwa Delmas

An haifi Nkoli a Soweto a 1957. Tun yana matashi ya shiga gwagwarmayar yaƙi da mulkin wariyar launin fata. A 1984, bayan boren da jama'ar yankin Vaal suka yi kan ƙarin kuɗin haya, aka kama shi. Yana cikin mutum 22 da aka gurfanar a garin Delmas bisa zargin cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kan kai ga kisa.

A gidan yari ne ya shaida wa abokan tuhumarsa cewa shi maza yake so. Maganar ta tayar da ƙura. Wasu suka nemi a raba shari'arsa da tasu, don gudun kada gwamnati ta yi amfani da batun ta ɓata musu suna. A waje kuma, ƙungiyar GASA ta masu son jinsinsu, wadda yake ciki kuma galibin 'ya'yanta Turawa ne, ta ƙi mara masa baya, wai ita ba ruwanta da siyasa. Ke nan kowane ɓangare rabinsa yake so.

Amma zama wuri ɗaya ya yi aikinsa. Mutanen nan sun ci abinci tare da shi, sun yi gardama da shi, sun kuma ga irin juriyarsa a gaban barazanar rataya. Sannu a hankali suka koma kallonsa a matsayin Simon, abokin gwagwarmaya. Mosiuoa Lekota, wanda daga baya ya zama ministan tsaro, ya bayyana cewa bai ga yadda za a yi a ware mutane irin su Simon ba bayan sun ba da gudummawarsu wajen kawar da wariya.

3.0 Daga Titi Zuwa Doka

Kotu ta wanke Nkoli, kuma a 1988 shi da Beverley Ditsie da wasu suka kafa ƙungiyar GLOW, wadda ta haɗa baƙaƙe da farare. Ita ce ta shirya jerin gwanon farko na masu son jinsinsu a Johannesburg ranar 13 ga Oktoba 1990. Wasu mahalarta sun rufe fuskokinsu da jakunkunan takarda don tsoron rasa aiki ko dangi. Nkoli ya gaya wa taron cewa shi baƙar fata ne kuma mai son maza, ba zai iya raba kansa gida biyu ba.

Sashe na 9 ya jera wannan haƙƙi tare da na launin fata da addini da harshe. A Oktoba 1998 Kotun Tsarin Mulki ta soke dokokin da suka mayar da tarayyar namiji da namiji laifi. Ranar 30 ga Nuwamba na shekarar Nkoli ya rasu sakamakon cutar ƙanjamau, yana da shekara 41. A 2006 ƙasar ta halatta auren jinsi ɗaya, ta farko a Afirka.

4.0 Kammalawa

Doka ba ta kawar da ƙiyayya ba. A 2008 aka kashe Eudy Simelane, tsohuwar 'yar wasan ƙwallon ƙafa ta ƙasa mai son mata, a garin KwaThema. Duk da haka, abin da ya faru a Delmas ya nuna inda canjin ya soma: wasu daga cikin jagororin sabuwar ƙasar sun san Nkoli, sun zauna da shi a kurkuku, don haka da aka zo maganar haƙƙi, mutumin da suka sani suka tuna.