Jos: Birnin Kuza da Ganuwar Aro

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina, abin da ya fara sani game da birni shi ne ganuwa da ƙofofinta. Jos ba ta da ko ɗaya. Ba wani sarki ne ya sari garin ba, kuza ce ta tara jama'arsa, kuma a ganinmu wanda bai riƙe wannan ba, ba zai fahimci gine-ginen Jos ba.

Tun kafin zuwan Turawa, Birom da Anaguta da Afizere na zaune a waɗannan tsaunuka, maƙeran Liruwe kuma suna narka kuza, fatake na kai ta kasuwar Kano. Sawun wannan kuza Turawan kamfanin Neja suka biyo a farkon ƙarni na 20, har suka yi sansani a Naraguta, suka shiga wanke yashin kogin Dilimi. Nan da nan leburori suka kwararo, Hausawa da Barebari da Yarbawa da Ibo. Aka shimfiɗo ƙaramin layin dogo daga Zariya, wanda aka rufe a 1957, sannan babban layin da ya taso daga Fatakwal ya iso a 1927. Ba kowa ne ya zo da son ransa ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta ɗibar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza dole, kuma sanyin dutse ya kashe da yawa daga cikinsu.

Gine-ginen garin sun bi wannan tarihi sau da ƙafa. Turawa suka keɓe kansu a wurare irin su Rayfield, cikin gidajen dutse masu murhun jin ɗumi, abin da da wuya a gani a wani gari na Arewa. Leburori da 'yan kasuwa kuwa suka cunkushe a Gangare da Dilimi, ginin ƙasa rufin kwano, domin ruwan saman Jos ba ya raga wa soro.

Abin mamaki, a wannan gari mai ruwa ne aka zaɓi a adana ginin ƙasa na Hausa. Bernard Fagg ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, musamman saboda mutum-mutumin yumɓu na Nok da masu haƙar kuza ke tonowa. Daga baya wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, wanda ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-gine a gefensa. Aka ɗauko magina suka tayar da wani sashe na ganuwar Kano, da na fadar Katsina, da masallacin Juma'a na Zariya, kowanne da girmansa na ainihi. A nan ya kamata baƙo ya daɗe. Masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarki Abdulkarim, shi ne ƙololuwar fasahar maginan Hausa: tubali da azara kawai, amma an ɗaura bakan gizo an haɗa ɗaurin guga, rufin ya tsaya a kan ginshiƙai masu zane. Na asalin, a shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage nasa da ginin siminti. Ke nan ɗalibin da ke son ganin siffar masallacin daga waje yadda Durugu ya bar shi, Jos aka tanadar masa.

Sai dai ginin ƙasa rai gare shi, abincinsa yaɓe. Damina biyu ko uku ba a waiwaye shi ba, zankwaye za su fara zubewa, azara ta leƙo. Mun sha kai ɗalibai wurin, kuma ba kowace shekara muke komowa da farin ciki ba.

Masu tallar yawon buɗe ido sun fi son ambaton sanyin gari, wanda ke bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, da duwatsun Shere, da dutsen Riyom, da magangarar ruwa ta Assop. Ba mu musa kyansu ba. Amma tafkunan da baƙi ke ɗaukar hoto a bakinsu a Rayfield da Bukuru ramukan kuza ne da aka bari ba a cike ba, tun kafin farashinta ya faɗi a 1985. Babbar kasuwar Taminus, ginin zamani da Jos ta fi taƙama da shi, ta ƙone a 2002. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 kuma sun raba unguwanni bisa addini, har ya zama akwai 'yan garin da aka haifa a wani layi, suka girma, amma suna shakkar komawa su ga gidan da aka yanke musu cibi.