Saniya a ɗakin bincike

Saniyar da magabata suka zana a duwatsun Birnin Kudu ta biyo mu har ɗakin bincike. Tun ƙarshen shekarun 1950, ruwan jinin ɗan tayinta ne abincin ƙwayoyin halittar da ake raino a kwalba. A 1987 Rose Johnstone, a Kanada, ta raɗa wa 'yan ƙunshin saƙon da ƙwayoyi ke fitarwa suna eksosom. Ashe ruwan jinin ma cike yake da nasa ƙunshin, har mai bincike kan ɗauki saƙon maraƙi a matsayin na ɗan Adam. Shi ya sa ƙa'idar Clotilde Théry ta 2006 ta tanadi a kwana ana wulwula ruwan a inji kafin amfani. Duk da haka, ba ya tacewa sarai.