BAYANI: Yadda masu ɗaukar nauyi ke juya shirye-shiryen gyara da ƙawata motoci a talabijin

Duk wanda ya bi titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi, ko ya ratsa titin Maiduguri a gefen Tarauni, zai ga wuraren wankin mota da filayen dillalai inda ake goge motocin da aka shigo da su har su yi ƙyalli. Matasa da dama da ke wannan sana'a suna koyon dabaru daga shirye-shiryen motoci na tashoshin tauraron ɗan Adam da gutsattsarinsu da ke yawo a YouTube da TikTok. Sai dai abin da kyamara ke nunawa ba shi ne dukkan abin da ya faru a gareji ba. Ga bayani kan yadda ake tsara irin waɗannan shirye-shirye da kuma wanda ke biyan kuɗinsu.

Mene ne ɗaukar nauyin shiri?

Hanyoyi uku ne suka fi shahara. Ta farko ita ce talla tsagwaronta, wadda ake sakawa lokacin hutun shiri, kowa kuma ya san talla ce. Ta biyu ita ce cusa haja a cikin shirin, inda mai gabatarwa zai ɗauki kwalbar man goge fenti, kyamara ta tsaya a kan sunan kamfanin, ba tare da an ce talla ake yi ba. Ta uku ita ce kamfani ya sayi lokaci a tasha ya kawo shirin da shi ya tsara, ko ma ya zama shi ne mai shirin baki ɗaya.

Misalin ta ukun shi ne Car Crazy, wanda aka daɗe ana nunawa a tashar Speed ta Amurka. Mai gabatar da shi, Barry Meguiar, shi ne shugaban Meguiar's, kamfanin da ke yin kakin shafa wa mota da man goge fenti, wanda 3M ya saya a 2008. Ba a ɓoye wannan alaƙa ba, amma ba a sa ran irin wannan shiri ya yabi kayan abokan hamayya.

Abin da ake yankewa kafin shiri ya fito

Pimp My Ride, wanda MTV ta nuna daga 2004 zuwa 2007 tare da mawaƙi Xzibit, ya sa mutane da yawa sun ɗauka ana mayar da tsohuwar mota sabuwa cikin 'yan kwanaki. A 2015 jaridar Huffington Post ta zanta da wasu da aka gyara wa motoci a shirin. Sun ce motocinsu sun shafe watanni a gareji, an cire wasu kayan ƙawa bayan an gama ɗaukar hoto, kuma ba a kula da matsalar inji yadda ya kamata ba. Ɓangaren masu shirin ya kare kansa da cewa saboda kiyaye haɗari aka cire wasu kayan.

A Ingila, makanikin shirin Wheeler Dealers, Edd China, ya sanar da barin aiki a 2017. Dalilin da ya bayar shi ne, tashar Velocity da ta karɓi ragamar shirin na son rage ɓangaren da ake nuna gyara dalla-dalla, saboda ɗaukarsa na cin lokaci da kuɗi. Wato ɓangaren da ya fi amfanar mai koyo shi ne ya fi tsada, shi ne kuma aka fara ragewa.

A fannin goge fenti, dabarun sun fi haka sauƙi. Akan ɗauki hoton motar da farko a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi wadda ke fito da kowane ƙarce, sannan a ɗauki na ƙarshe cikin haske mai laushi da ke ɓoye shi. Wasu mayukan kuma cike ƙarcen kawai suke yi, bayan wanki biyu ko uku ya sake bayyana. Ba kasafai shiri ke komawa ga motar bayan wata shida ba.

Me ya shafi mai mota a Kano?

Fentin motocin zamani na da wani siririn rufi mai sheƙi a samansa, wanda kaurinsa bai kai na takarda ba. Duk lokacin da aka sa injin goge, ana kankare wani ɓangare na wannan rufi ne, kuma ba ya dawowa. Idan aka cinye shi, sai dai a sake fenti. Shirin da mai sayar da man goge ya ɗauki nauyinsa ba shi da dalilin yawaita wannan gargaɗi.

Yanayi ma ya bambanta. Ana ɗaukar yawancin shirye-shiryen a rufaffen ɗaki mai sanyi, ga ruwan famfo tatacce. A Tarauni kuwa ana wanki a fili, da ruwan rijiyar burtsatse ko na 'yan garuwa. Ƙurar hunturu na ƙarce fenti idan aka share ta da busasshen tsumma. Ruwan da ya bushe a jikin mota mai zafi yana barin tabo, garin sabulun wanki kuma yana cire kakin da aka shafa. Ɗauraye ƙura kafin a taɓa mota, wanki a inuwa da amfani da tsumma mai tsabta sun fi yawancin kwalabe masu tsada amfani, amma babu kamfanin da ke cin riba idan an faɗi haka. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, riƙe mota ya ƙara tsada, don haka duk kuɗin da aka kashe kan abin da ba ya aiki asara ce da ake ji a jiki.

Me doka ta ce?

A Amurka, dokar sadarwa ta 1934 ta wajabta wa tasha bayyana wanda ya biya kuɗin abin da ta watsa. A Birtaniya an halatta cusa haja a shirye-shiryen cikin gida a 2011, bisa sharaɗin a nuna alamar harafin P. A Najeriya, Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, wadda aka kafa a 1992, tana da kundin ƙa'idoji da ya buƙaci a bambanta talla da shiri. Dokar 2022 ta maye gurbin APCON da hukumar ARCON, wadda ke da hurumin tantance tallace-tallace, har da na intanet. Hukumar FCCPC kuma ita ke sauraron koken masu saye da aka yaudara. Wahalar tana wajen aiwatarwa, musamman a kan bidiyon da ake ɗauka da waya a bakin titi.

Dangantakar batun da siyasa

Mai sauraron rediyo a Kano ya san wannan tsari tun ba yau ba. Sayen fili a tasha shi ne ginshiƙin shirye-shiryen siyasa da dama, inda sojojin baka ke yabo ko suka gwargwadon wanda ya biya. Tsarin kasuwancin ɗaya ne, ko man goge fenti ake tallatawa ko ɗan takara: tasha na buƙatar kuɗin shiga, mai ɗaukar nauyi na buƙatar amincewar jama'a, furodusa kuma shi ke zaɓar abin da za a nuna da wanda za a yanke.

Saboda haka tambayoyin da ya kamata mai kallo ya yi ba su canza ba. Wa ya biya kuɗin shirin, kuma an faɗa a fili? Mai gabatarwa na da hannun jari a abin da yake yabo? An gwada hajar da wata a yanayi iri ɗaya? An koma an duba sakamakon bayan wani lokaci? Idan shiri bai amsa ko ɗaya daga cikinsu ba, ya dace a ɗauke shi a matsayin talla.