HATTIE McDANIEL: 'YAR BAYIN DA TA CI OSCAR, AKA HANA TA KABARI

Tarihinmu na wannan mako zai kai mu Amurka, wajen wata baƙar fata da ta yi suna a fim ba tare da ta taɓa zama jaruma ba. A kowane fim akwai waɗanda ba su labarin yake bi ba, amma in babu su labarin ba ya armashi: uwa, mai aikin gida, direba, maƙwabciya. A irin wannan gurbi Hattie McDaniel ta yi rayuwarta.

An haife ta a 1893 a garin Wichita na jihar Kansas, ita ce auta cikin 'ya'ya 13. Iyayenta duka biyu an haife su cikin bauta. Mahaifinta Henry ya yi soja a yaƙin basasar Amurka, a ɓangaren da ya kawo ƙarshen bautar. Daga baya iyalin suka koma Denver, inda ta tashi tana waƙa.

A wancan zamani nishaɗin talakan Amurka shi ne wasan da suke kira vaudeville. Ayari ne na 'yan wasa da ke yawo gari-gari, a dare ɗaya a hau dandamali a yi waƙa, rawa, barkwanci da siddabaru. A nan Hattie ta goge. A shekarun 1920 ta yi yawo da ƙungiyar makaɗa ta George Morrison, ta yi waƙa a rediyo, har ta buga faifai. Da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 1929, kasuwar wasan ta mutu. Aikin da ta samu shi ne kula da banɗakin mata a wani gidan rawa kusa da Milwaukee. Can aka gano muryarta, aka mayar da ita kan dandamali.

A 1931 ta koma Los Angeles wajen yayanta Sam, wanda shi ma ɗan wasa ne. Sai dai Hollywood ta lokacin ƙofa ɗaya ta buɗe wa baƙar mace: kuku ko 'yar aiki. Hattie ta shiga ta wannan ƙofa, amma ba da sunkuyar da kai ba. A fim ɗin Alice Adams na 1935 ta fito 'yar aiki mai harara da gatse, wadda ta fi iyayen gidanta sanin abin da ake ciki.

Sai babban fim ya zo, Gone with the Wind na 1939, inda ta fito a matsayin Mammy. Da aka yi bikin fara nuna shi a Atlanta cikin Disamba, dokokin wariyar launin fata suka hana ta halarta. Ranar 29 ga Fabrairu 1940 ta karɓi kyautar Oscar ta mai taimaka wa jaruma, ta zama baƙar fata ta farko da ta ci wannan kyauta. Otal ɗin Ambassador da aka yi bikin ba ya karɓar baƙaƙe, sai da aka nema mata alfarma. Ko da ta shiga, teburinta daban aka ajiye a gefe, nesa da abokan aikinta. Sai bayan shekara 51 wata baƙar mace, Whoopi Goldberg, ta sake cin Oscar ta wasan fim.

Ta wani ɓangaren kuma 'yan uwanta ba su bar ta ba. Walter White, shugaban ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP, ya matsa wa kamfanonin fim su daina nuna baƙar fata a matsayin bara, kuma sukan ya faɗa kanta. Masu sukan suna da hujja, domin fim ɗin ya ƙawata zamanin bauta. Ita ma tana da tata: ta ce gara ta fito 'yar aiki a fim a biya ta da kyau, da ta zama 'yar aiki ta gaske, aikin da ta riga ta ɗanɗana.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne inda ta kai kuɗinta da sunanta. Ta sayi gida a unguwar Sugar Hill ta Los Angeles. Fararen maƙwabta suka kai ƙara, suna riƙe da wata yarjejeniya da ta hana sayar wa baƙaƙe gida a wurin. Hattie ta shiga gaba wajen haɗa kan baƙaƙen unguwar, lauya Loren Miller ya tsaya musu, kuma a 1945 alƙali ya kori ƙarar. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta hana kotuna tilasta irin wannan yarjejeniya a duk ƙasar. A 1947 kuma ta karɓi jagorancin shirin rediyo na Beulah.

Ta rasu ranar 26 ga Oktoba 1952 sakamakon ciwon daji na mama. Wasiyyarta ita ce a binne ta a maƙabartar Hollywood, amma mai wurin ya ƙi, saboda ta farare ce kawai. Aka kai ta maƙabartar Rosedale. Sai a 1999 sababbin masu wurin suka kafa mata dutsen tunawa. Allon Oscar ɗinta da ta bar wa Jami'ar Howard ya ɓace, har sai 2023 aka ba jami'ar madadinsa.

Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi. Har yau ana gardama ko wannan ya isa uzuri ga wanda sana'arsa ta ci mutuncin jama'arsa, ko kuwa laifin na wanda ya rufe sauran ƙofofin ne. Ku me kuka gani? Allah ya sa mu dace.